Uwaisu Direba, Wanda Ya Ƙi Barin Matan Sandamu a Bakin Titi

Da zarar an sallame sallar asuba a masallacin unguwarsu ta Tudun Wada a Daura, Malam Uwaisu ba ya zama hira. Zai gaisa da liman, ya gaisa da na dama da na hagu, ya zura takalmansa ya nufi gindin katangar gidansa, inda farar bas ɗin kamfani take kwana. Sai ya zagaya ta tukuna yana dukan tayoyi da ƙafa, ya duba mai da ruwa, sannan ya ɗauki tsumma ya bi kujeru yana gogewa. Matarsa Safiyatu ta sha yi masa tsiya a kan wannan gogar.

"Malam, mutanen da ƙurar riɗi za ta lulluɓe kafin azahar, su kake goge wa kujera?"

Shi kuwa amsarsa ba ta canjawa: "Ai shi ya sa. Su fara zama a wuri mai tsabta tukuna."

Daga nan sai ya miƙi hanyar Sandamu. A can, gindin wata darbejiya kusa da tasha, mata masu tsinta ke jiransa, kowace da ƙunshin abincinta. Aikinsu shi ne su zauna gaban riɗin da injin ya riga ya shiƙe, su bi shi da yatsu suna fitar da tsakuwa da baƙin ƙwaya kafin a ɗura a buhu. Idan ya kwashe su sai ya juyo cikin Daura, ya ɗauki masu injin da masu dako a Ƙofar Baru da Sabon Gari, ya sauke kowa a kamfanin gyaran riɗi da ke kan hanyar Mai'adua. Da la'asar ya mayar da su. Haka ya yi sama da shekara ashirin, kuma ba a taɓa jin motarsa ta taka ko akuya ba.

A watan da ya wuce Malam Uwaisu ya ajiye aiki. Ba a buga sunansa a ko'ina ba, ba a kuma rataya masa lambar yabo ba. Shi ya sa ya kamata mutanen ƙasar Daura su san wane ne shi, da abin da ya yi a shekarar da aka haɗe kamfanin nan da wani.

Tun kafin wannan shekara ma'aikata sun san halinsa. Idan mace ta makara saboda ɗanta ya kwana da zazzaɓi, yakan kashe mota ya jira, masu gunaguni su yi ta yi. Akwai ranar da naƙuda ta kama wata a tsakiyar hanya, ya juya kan mota zuwa asibiti da mutum cike, ya ce duk faɗan da za a yi na makara a kansa. Talatu, wadda ita ce babba a cikin matan Sandamu, ta ce a duk shekarun nan ba ta taɓa jin ya kira mace da "ke" kawai ba. Kowace ya san sunanta, ya san sunan ɗanta na fari.

Labarin haɗewar ba daga ofis ma'aikata suka fara jin sa ba. A bakin dillalan riɗi suka tsince shi a kasuwa, cewa wani babban kamfani mai masana'antu a Kano da Legas ya haɗiye nasu. Da suka tambayi tsohon manajansu, Alhaji Sha'aban, sai ya ce shi ma jita-jita yake ji. Bayan 'yan makonni aka wayi gari an sauke allon ƙofa an kafa sabo. Wasu baƙi suka zo cikin manyan motoci, aka tara kowa a fili, wani mai kwat ya yi dogon jawabi. Ya ce yanzu an zama iyali ɗaya, kuma babu wanda za a taɓa wa aikinsa. Aka yi tafi, aka raba lemo, baƙi suka tafi.

Suka bar wani matashi mai suna Jamaluddeen a matsayin sabon manaja, ba tare da sun cire Alhaji Sha'aban ba. Sai ya zama kamfani ɗaya, shugaba biyu. Da safe wannan ya ce a loda mota, da hantsi wancan ya ce a sauke, masu dako su yi ta ɗaukar buhun da suka ajiye. Aka kawo na'urar da mutum zai danna wa yatsa a shaida ya zo aiki. Yatsun matan tsinta kuwa aiki ya cinye zanensu, ga lalle, sai na'ura ta ƙi karɓa, a rubuta mace ba ta zo ba alhali tun safe tana zaune a kan tabarmarta. Belin babban injin ya tsinke aka yi ta jiran izini daga Legas kafin a sayo wani, amma fentin ofis bai jira izinin kowa ba. Duk wanda ya tambayi abin da ake ciki, amsa ɗaya ce: ana kan tattaunawa. Ranar da Alhaji Sha'aban ya gaji ya kwashe kayansa, ko sallama ba a bari ya yi da mutanensa ba.

Duk wannan takaici a cikin motar Malam Uwaisu ake sauke shi. A kamfani kowa ya kama bakinsa don ba a san wa ke kai rahoto ba, amma da an rufe ƙofar bas sai magana ta ɓalle. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Zakiyyu, wani mai kula da injin, magidanci ne mai 'ya'ya biyu da saurin fushi.

"Mu fa ba tsoron aiki muke ba," in ji shi, yana dukan bayan kujera. "A faɗa mana gaskiya kawai! Kullum mutum ya fito gida bai san ko yau ce ranarsa ba. Wannan ai kashe mutum ne a tsaye."

Malam Uwaisu yakan rage muryar rediyo ya bar su su amayar da abin da ke cikinsu. Sau biyu Jamaluddeen ya kira shi gefe ya tambaye shi su wa ke zuga mutane a mota. Sau biyun ya ce, "Ranka ya daɗe, ni titi nake kallo."

Ana cikin haka aka sauke wani sabon inji a sito, wanda aka ce da kansa yake tsince tsakuwa da baƙin ƙwaya. Matan suka gan shi, suka kalli juna. Talatu ta je ta tambaya, aka ce mata kada su damu, taimaka musu zai yi.

Wata safiyar Litinin, Malam Uwaisu yana cikin gogar kujeru wayarsa ta yi ƙara. Jamaluddeen ne.

"Baba Uwaisu, daga yau kada ka ƙara zuwa Sandamu. Ka ɗauko na cikin gari kawai."

"To, ranka ya daɗe. Wata motar aka ba su?"

"A'a. An rufe sashen tsinta."

"An gaya musu?"

Manaja ya ce, "Idan suka ga ba mota, za su gane."

Ya kashe waya. Malam Uwaisu ya zauna a kan kujerar da yake gogewa, tsumma a hannu. Ba abin da yake gani sai matan nan a gindin darbejiya, suna leƙen titi, rana tana ɗagawa, wata tana cewa ƙila taya ce ta fashe, wata tana cewa Allah ya sa lafiya Malam yake. Za su tsaya har hantsi, mutanen gari suna wucewa suna kallonsu. Gobe ma su sake fitowa. Safiyatu ta leƙo ta ga motar ba ta tashi ba, ta fito da mayafi ta tambaye shi. Ya faɗa mata.

"To yanzu me za ka yi, Malam?"

"Zan je in ɗauko su."

"Ka san abin da zai biyo baya? Kai ma fa saura ƙiris ka ajiye aiki, ga yara a makaranta."

"Na sani. Amma in na wuce su yau, da wane ido zan ƙara bin hanyar Sandamu?"

Safiyatu ta dube shi. Ba ta ce ya yi daidai ba, ba ta kuma ce ya fasa ba. Ta dai ce, "Allah ya tsare," ta koma ciki.

Da ya isa, matan suka taso kamar kullum suna yi masa barka da asuba. Ya bari kowace ta zauna, sannan ya kashe mota ya juyo ya fuskance su. Bai taɓa yin haka ba, don haka nan take suka yi tsit.

"Bayin Allah, ba zan ɓoye muku ba. An ce kada in zo in ɗauke ku yau. An ce an rufe sashenku. Ni direba ne, ba ni na ɗauke ku aiki ba, ba kuma a bakina ya kamata ku ji wannan ba. Wadda take so ta sauka ta koma gida, ba laifi. Wadda take so ta ji daga bakin mai maganar, zan kai ta, kuma zan dawo da ita."

Wata yarinya da ba ta daɗe da fara aiki ba ta fashe da kuka. Talatu ta dafa ta, ta gyara zaman mayafinta, ta ce, "Malam Uwaisu, ja mu je."

Babu wadda ta sauka. Ya bi ta cikin gari ya kwashi maza, suka cika mota har da na tsaye, labari ya bazu daga kujera zuwa kujera. Ranar babu mai dukan bayan kujera. A ƙofar kamfani, Audi mai gadi ya leƙo ya ga matan, ya dubi Malam Uwaisu. Shi ma an ba shi umarni. Amma sai ya sunkuyar da kai ya ja ƙofa ya buɗe.

Malam Uwaisu ya ce wa kowa ya jira a fili, ya shiga ofis shi kaɗai. Ya yi sallama, ya tsaya daga bakin ƙofa. Jamaluddeen ya riga ya hango su ta taga.

"Baba Uwaisu, me na ce maka da safe?"

"Ka ce kada in je Sandamu, ranka ya daɗe."

"To?"

"Na je."

Manaja ya miƙe, ya koma ya zauna. Ya ce shi ma daga sama aka ba shi umarni, an ce a yi abin a hankali, ba a son hayaniya. Ya ce bai taɓa sallamar kowa ba a rayuwarsa, bai ma san me zai ce musu ba.

"Ranka ya daɗe," in ji Malam Uwaisu, "ban zo in hana ku abin da kuka yanke ba. Kamfani naku ne. Amma a cikin matan nan akwai wadda ta fara aiki a nan tun ba a gina ofishin da kake zaune ba. Akwai wadda ita ke ciyar da marayu. Ba su yi sata ba, ba su yi laifi ba. Ka fito ka faɗa musu da bakinka, su ga fuskarka."

"In na ƙi fa?"

"Sai in koma in ce musu ka ƙi. Ba zan ƙara ba, ba zan rage ba."

Jamaluddeen ya fito. Ya tsaya gaban matan ya faɗa musu an rufe sashensu, ya ce ba don aikinsu ba shi da kyau ba. Talatu ta bari ya gama, sannan ta ce:

"Yallaɓai, mun ji. Arziki na Allah ne, ba a nan kaɗai yake ba. Amma watan jiya na tambaye ka, ka ce mu kwantar da hankali. Da ka faɗa mana a lokacin, da wasunmu sun kama gona kafin ruwa ya sauka. Yanzu an gama shuka. Wannan shi ne abin da ya yi mana zafi."

Jamaluddeen ya ce su yi haƙuri, ya juya ya shige ofis.

A nan ne abin ya so ya lalace. Maza suka hargitse, kowa yana faɗin nasa. Zakiyyu ya nufo Malam Uwaisu ido jajur, ya ce ya ba shi makullin bas, zai gindaya ta a ƙofa, yau ba mai shiga ba mai fita. Daga baya wani ya ɗaga murya ya ambaci fetur da sabon injin. Malam Uwaisu ya jefa makulli a aljihu, ya je ya zauna a matakalar motar, ya tare ƙofa da jikinsa.

"Baba, ashe kai ma bayansu kake?" in ji Zakiyyu.

"Da bayansu nake, da matan nan suna bakin titi har yanzu. Zakiyyu, dube ni. In wuta ta tashi a nan, manaja mota zai hau ya koma garinsu. Kai za a ɗaure, matarka ta yi ta jigilar abinci gidan yari. Su kuma waɗannan, maimakon a ce an zalunce su, sai a ce 'yan tarzoma ne, ɗan hakkin da ya rage musu ma ya bi ruwa. Haka kake so?"

Zakiyyu ya tsaya yana huci. Sai Talatu ta ratso ta tsaya kusa da motar ta ce, "Duk wanda zai ƙona wani abu, ba da sunanmu ba." Maza suka fara ja da baya. Zakiyyu ya buga ƙafa ya tafi bayan sito, ya daɗe bai fito ba.

Malam Uwaisu ya mayar da matan Sandamu kamar yadda ya yi alkawari. Wannan karon bai sauke su a tasha ba. Ya bi lungu-lungu iya inda mota za ta shiga, ya sauke kowace kusa da ƙofar gidanta, don kada a ga sun dawo da rana tsaka a taru ana tambayarsu.

Kai ne ka yi wannan, Malam Uwaisu. Ba ka da muƙami, ba ka da ƙungiya a bayanka, ba ka da wani babba da zai tsaya maka. Abin da ke hannunka sitiyari ne kawai, kuma da shi ka hana a wulaƙanta mutane, ka hana su kuma su cuci kansu, duk a safiya ɗaya.

Abin da Safiyatu ta hango bai daɗe ba ya zo. Aka karɓe makullin bas, aka dakatar da shi na wani lokaci saboda ƙin bin umarni. Da aka dawo da shi sai aka ba shi babbar motar dakon buhuna zuwa Kano, aikin da samari ke yi, shi ga ciwon baya. Wasu suka ce a tsayar da aiki saboda shi. Ya hana. Ya ce shi ya san abin da ya taka, kuma da idonsa a buɗe ya taka, kada wani ya rasa abincinsa a kan haka. Ya ce in suna son su yi wani abu, su nemi a zauna da su.

Haka aka yi. Ma'aikata suka zaɓi wakilai, suka dage sai da shi a ciki, suka ce ba za su ƙara karɓar saƙo ta waya ba, manyan su zo Daura. Labarin abin da ya faru ya riga ya zaga gari, dattawan unguwanni sun yi magana, manoman da ke kawo riɗi sun fara tambaya. Manyan suka zo. A zaman, Malam Uwaisu bai yi doguwar magana ba. Ya ce abu uku suke roƙo: wanda za a sallama a kira shi a faɗa masa ido da ido, a ba shi lokaci ya nemi madafa, a kuma ba shi hakkinsa kafin ya fita ƙofa. Ya ce matan Sandamu ma a haɗa da su.

Ba za a ce an ci nasara ba. Sashen tsinta bai dawo ba, kuma kafin shekara ta ƙare an sake rage mutane, har da Zakiyyu. Amma daga ranar babu ƙaramin ma'aikacin da ya ƙara zuwa ya tarar da ƙofa a rufe, ko ya ji labarin korarsa a bakin mai shayi. Matan ma an kira su an sallame su kamar mutane. Wanda bai taɓa rasa aiki ba zai ga wannan ƙaramin abu ne. Waɗanda abin ya shafa sun san bambancin.

Kuma Malam Uwaisu bai tsaya nan ba. Shekarun da ya yi a kan hanya sun sa ya san mutane, sai ya fara kashe wannan sanayya a kan waɗanda aka sallama. Ranar kasuwar Mai'adua yakan hau babur ɗinsa, maimakon ya huta, ya bi rumfunan masu sayen riɗi da wake. Ya san ƙananan 'yan kasuwa ba su da injin, kuma kayan da aka gyara ya fi daraja. Ya yi ta faɗa musu akwai mata a Sandamu da hannunsu ya san aikin. Na farko ya gwada su da 'yan buhuna, ya ga yadda suka dawo, ya gaya wa na kusa da shi. Yau Talatu ce ke jagorancin matan a wani fili bayan gidanta, suna gyara riɗi da wake da zoɓo, wasu kuma suna yin kantu suna kai wa shaguna. Abin da suke samu bai kai na kamfani ba a wasu watannin, a wasu kuma ya fi.

Zakiyyu kuwa, da aka sallame shi ya kulle kansa a ɗaki, ba ya son ganin kowa. Malam Uwaisu ya je ya yi sallama, aka ce ba ya nan. Ya ce to zai jira shi, ya shimfiɗa buzunsa a ƙofar gida ya zauna. Da kunya ta ishi Zakiyyu ya fito. Washegari Malam Uwaisu ya goya shi a babur har Mashi, wurin wani abokinsa mai injin casar shinkafa da ke neman wanda ya san ƙarfe. Yanzu Zakiyyu ne ke riƙe da wurin. Duk wanda ya tambaye shi zai ce, "Ni da a ce Baba ya miƙo mini makullin nan, da yanzu wani labarin ake yi."

Ba kowa Malam Uwaisu ya iya samar wa mafita ba. Akwai waɗanda suka tafi ci-rani ba su dawo ba, akwai wanda gidansa ya watse. Idan aka ambaci sunayensu abin yakan dame shi, don har yau yana ganin da ya ƙara ƙoƙari.

Shi kansa Jamaluddeen bai tsira ba. Wata safiya ya zo aiki ya tarar da wani baƙo a kan kujerarsa, aka ce masa ai an yi garambawul, ba a aiko masa da saƙo ba? Motar ofis ma a take aka karɓe. Ya fito da kwalin kayansa ya tsaya a fili, ma'aikata suna kallonsa daga nesa, wasu suna murmushi. Malam Uwaisu ya gama lodi zai tafi Kano. Ya sauko, ya karɓi kwalin daga hannunsa, ya buɗe masa ƙofar gaba.

"Ranka ya daɗe, hanyarmu ɗaya. Bismilla."

Da suka wuce Kazaure, Jamaluddeen ya juyo gare shi. Ya ce, "Baba, ni na sa aka karɓe maka bas. Ka yafe mini."

"Na yafe tuntuni," in ji Malam Uwaisu. "Ranar nan da kana iya kulle ƙofa ka ƙi fitowa, amma ka fito. Ban manta ba."

Jamaluddeen da kansa ya ba da wannan labari, a walimar da aka yi wa Malam Uwaisu bayan ya ajiye aiki. Ba kamfani ne ya shirya ta ba. Tsofaffin ma'aikata da na yanzu ne suka haɗa kai, suka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa bayan sallar Juma'a. Zakiyyu ya zo daga Mashi da buhun shinkafa a bayan babur. Audi mai gadi ya zo. Matan Sandamu suka cika cikin gida wurin Safiyatu da kwanonin kantu. Da aka ce ya yi jawabi, sai ya miƙe yana murza hula, ya ce shi bai ga abin da ya yi ba da za a tara masa jama'a haka, ya gode, Allah ya mayar da kowa gida lafiya. Ya zauna. Daga bayan labule Talatu ta ɗaga murya ta ce, "Malam, in kai ba ka gani ba, mu mun gani."

Mu ma mun ji, mun kuma shaida. Kai ne direban da aka ba amanar mota, ya ɗauke ta amanar mutanen da ke ciki. Kai ne wanda bai yi wa na sama rashin kunya ba, bai kuma sayar da na ƙasa ba. Jinjina gare ka, dattijon arziki. Daura ta gode, Sandamu ta gode, gidajen da ba su san sunanka ba amma tukunyarsu tana kan wuta ta dalilinka, su ma sun gode.

Kamfanoni za su ci gaba da haɗewa, za a ci gaba da rage mutane, wannan ba a hannunmu yake ba. Amma ku masu riƙe da ma'aikata, in ranar ta zo ku fito ku faɗi gaskiya da wuri, ku faɗe ta da bakinku. Kai kuma mai gadi, ke akawu, kai masinja, kai direba, wata rana za a miƙo maka umarnin da zai zubar da mutuncin wanda kuke cin abinci tare, a ce ai kai ɗan aike ne. A ranar ka tuna akwai wani ɗan aike a Tudun Wada da yake da iyali kamar naka, da tsoro kamar naka, kuma ya ce a'a.

Allah ya ƙara maka lafiya, Malam Uwaisu, ya sa ka ga alherin abin da ka shuka a kan 'ya'yanka. Ka huta, ai ka gama aikinka.